Yadda na sauya sifirin da shokozoba a motar da nake shiga ƙauyuka da ita

Sana'ata ita ce haɗawa da gyara famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana, kuma yawancin wuraren da ake kirana suna arewacin Jigawa da Yobe ne, daga Gumel da Maigatari zuwa Haɗeja da Nguru, har can Machina da Yusufari inda tuddan rairayi ke cinye hanya. Motar da nake wannan zirga-zirga da ita Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, cikin samfurin da aka ƙera tsakanin 2005 da 2015, wanda masu sayar da motoci ke kira Vigo. A gaba, kowace taya tana da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, da sifirin mai murɗi wanda shokozoba ke zaune a cikinsa. A baya kuwa aksil ɗaya ne miƙaƙƙe, yana ɗaure da sifirin mai falle-falle. Kamfanin ya zaɓi waɗannan kaya ne domin motar da mafi yawan tafiyarta a kan kwalta take, yau da kaya gobe babu. Tawa ba a taɓa sauke mata kaya gaba ɗaya ba, kuma kwalta ce mafi ƙarancin abin da take takawa.

Alamomin gajiya sun bayyana a hankali. Bayan motar ya zauna har ya zama fitilun gaba suna haska sama, masu tahowa da dare suna yi mini walƙiya alhali ban kunna babbar fitila ba. Robar da ke tare aksil idan sifirin ya danne iyakarsa ta yi sheƙi saboda yawan bugu, abin da ke nuna cewa a kowane rami shasi ne ke karɓar dukan kai tsaye. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin motar a hanyar burji mai gargada: da farko sai ta tafi lafiya, amma idan tafiya ta yi nisa rana kuma ta take, sai bayanta ya fara rawa yana zamewa gefe a kowace kwana. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shokozoba kuma aikinsa shi ne ya hana sifirin ci gaba da lilo, ta hanyar tilasta wa mai ya ratsa ƙananan ƙofofi a jikin fistin ɗinsa. Duk motsin da ya kashe zafi yake komawa, kuma idan man ya yi zafi ƙwarai sai ya tsinke, ya gauraya da iska ya yi kumfa, fistin ya riƙa wucewa ba tare da wata turjiya ba. Daga nan motar tana tafiya ne a kan sifirin kaɗai.

Da na kai wa bakaniken da ya daɗe yana kula da motar wannan ƙorafi, amsarsa a shirye take. Ya ce, "Alhaji, a ƙara mata falle biyu a kowane gefe, ai haka masu ɗaukar kaya ke yi." Ban raina shawararsa ba, domin ita ce mafi araha kuma takan ɗaga mota nan take. Sai dai fallen da za a ƙara daga wata tsohuwar mota ake ciro shi, babu wanda ya san ƙarfinsa, kuma lanƙwasarsa ba lallai ta dace da ta sauran ba, saboda haka nauyi yakan taru a wuri ɗaya har uwar fallen ta karye kusa da idon da ake rataye sifirin da shi. Akwai kuma masu kai sifirin wajen maƙeri ya gasa shi ya sake lanƙwasa shi, ba su san cewa wuta tana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta ba, shi ya sa ba ya jimawa yake sake kwanciya. Uwa uba, ko da fallen ya yi daidai, sifirin mai ƙarfi yana mayar da duka da ƙarfi, kuma tsohon shokozoba da ya kasa riƙe mai laushi ba zai riƙe mai tauri ba. Na ce masa, "Maigida, bari mu fara sanin nauyin da take ɗauka tukuna, sannan mu san abin da za mu saya."

Na roƙi alfarma a wani kamfanin casar shinkafa da ke da sikelin auna manyan motoci, na hau da motar yadda take fita aiki kullum, tanki cike. Na auna ta gaba ɗaya, sannan na ɗora tayoyin gaba kaɗai, na kuma ɗora na baya kaɗai, domin jimillar nauyi ba ta gaya wa mutum inda nauyin ya kwanta. Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Kayan da ba sa sauka daga bayan motar, wato akwatin kayan aiki na ƙarfe, da ragar ɗora farantan sola, da ƙaramin janareta, da tayar safaya ta biyu, da jarkokin ruwa da na man gas, sun kai kimanin kilo 350. Mutum yakan manta cewa jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kuma batirin sola mai amfiya 200 shi kaɗai yakan kai kilo 60. A ranar da zan kafa sabon famfo kuwa, da bututu da faranti da batura da ma'aikata, nauyin yakan ninka. A gaba ma akwai ƙarfen kariya da aka yi wa walda da batiri na biyu, waɗanda suka ƙara wa hancin motar wajen kilo 60, kuma da yake sun fi tayoyin gaba fitowa, nauyinsu a kan sifirin ya fi abin da sikeli zai nuna idan an auna su a ƙasa.

A jikin ƙofar mota akwai ɗan allon da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai, da iyakar kowane aksil. Na kwatanta alƙalumana da nasu, na ga cewa a ranar cikakken lodi ina dab da iyakar aksil na baya. Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa sabon sifirin yana ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya. Ba ya ƙarawa. Burki da aksil da boris da shasi suna nan yadda suke, abin da sifirin mai ƙarfi ke yi kawai shi ne ya riƙe halattaccen nauyi ba tare da ya durƙushe ba. Tun kafin in sayi komai na mayar da batura da jarkoki can gaba, jikin bangon da ke bayan kujeru, domin duk kayan da ya wuce aksil na baya yana danne baya yana kuma ɗage gaba.

Da waɗannan alƙaluma a hannu zaɓin sifirin ya zo da sauƙi. Kamfanonin da suka ƙware a wannan fanni, musamman na Ostireliya irin su ARB na birnin Melbon mai tambarin Old Man Emu, da Dobinsons, da Ironman 4x4, da Tough Dog, suna rarraba sifirinsu ne bisa nauyin da ke kan mota a koyaushe: akwai na motar da ke yawo fayau, akwai na mai ɗauke da kilo 300 kullum, akwai na mai kilo 500 ko 600. Na karkata ga kayan wannan ƙasa ne saboda suna da dogayen hanyoyin burji masu gargada da zafi mai tsanani, kuma Hilux na cikin motocin da aka fi hawa a can, don haka an gwada kayan a yanayi mai kama da namu. Zuciya takan raya wa mutum ya ɗauki mafi ƙarfi domin ya huta, amma sifirin kilo 600 a ƙarƙashin kaya kilo 350 ba zai motsa ba, sai dai taya ta riƙa tsalle, bodi ya riƙa tsagewa, farantan sola kuma su isa ƙauye a fashe. Na ɗauki na kilo 300 mai hawa biyu, wanda ke da kakkauran falle a ƙasa da ba ya shiga aiki sai lodi ya yi nauyi. A gaba na ɗauki sifirin mataki ɗaya sama da na kamfani, daidai da ƙarfen kariya da batiri.

Shokozoba ne ya fi cin tunanina. Akwai mai bututu ɗaya, wanda kamfanin Bilstein na Jamus ya shahara da shi, inda mai da iskar naitirojin ke cikin bututu guda, wani fistin mai yawo ya raba su. Irin wannan yana fitar da zafi da sauri saboda man yana jikin bangon da iska ke bugawa, amma idan dutse ya lotsa bangon, fistin zai cije, kuma shokozoban baya na Hilux yana daidai inda tayar gaba ke watso tsakuwa. Akwai mai bututu biyu, wanda na waje ke zama ma'ajiyar mai da kuma garkuwa, lotsewa ba ta hana shi aiki, sai dai ya fi jinkirin hucewa. Akwai kuma masu ƙaramin tanki na daban da tiyo, irin na Fox da King na Amurka, waɗanda suka fi kowa jure zafi, amma an yi su ne a riƙa buɗewa lokaci-lokaci ana sauya roba da mai ana sake ɗura naitirojin. Na tambayi kaina wa zai yi mini wannan aiki idan tiyon ya fashe tsakanin Nguru da Machina, amsar kuma ita ce ta cire su daga lissafi. Na tsaya a kan mai bututu biyu mai faɗin ciki, irin wanda ake sa wa wani soso na musamman a maimakon sakakkiyar iska domin man ya rasa abin da zai gauraya da shi, mai maɓallin ƙara tauri mataki tara a gindinsa, na gaban kuma da mazaunin sifirin mai zare da ake iya murɗawa sama ko ƙasa.

Tsawon ɗagawar da na nema milimita 40 zuwa 50 ne, ban yarda a wuce haka ba. Wani mai shago ya nuna mini zoben ƙarfe da ake ɗorawa a kan shokozoban gaba ya ɗaga mota da kuɗi kaɗan, na ƙi, domin zoben ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, tura hannuwan taya ƙasa kawai yake yi fiye da inda aka tsara su tsaya, bolojoyin, wato mahaɗar da ke haɗa hannu da taya, da shaf ɗin da ke juya taya su riƙa aiki a karkace. Haka kuma duk ɗagawar da za a yi ba ta ƙara tazarar da ke tsakanin ƙasa da tulun aksil na baya, wannan sai taya mai tsawo. Wajen saye na bi ta hannun dilan da ya yarda ya ba ni lambar kowane kaya a rubuce, na duba lambobin a kundin kamfanin ta intanet kafin in biya, saboda jabu ya yi yawa kuma kwali da fenti ba sa nuna komai. Na kuma tambaya ko sifirin gaban suna da dama da hagu, domin wasu kamfanoni sukan ɗan ƙara wa na gefen direba tsawo, kuma direban Ostireliya a dama yake zama, namu a hagu.

Ranar ɗauri, kafin a kwance ko da noti ɗaya, mun tsayar da motar a daɓen siminti mai daidaito muka auna daga tsakiyar cibiyar kowace taya zuwa leɓen bodi da ke samanta, muka rubuta. Ana aunawa daga cibiya ne domin iskar taya ba ta shafar wannan tazara. Sifirin gaba mun kai shi inda ke da na'urar matsewa ta gaskiya, ban yarda a ɗaure shi da waya ko igiya ba, domin ƙarfin da ke cikin matsattsen sifirin ya isa ya kashe mutum. A baya mun sa sababbin ƙusoshin da ke rungume aksil da sifirin, tunda tsofaffin sun riga sun miƙe kuma ba a maimaita su. Inda na fi tsayawa a kan yaran gareji shi ne ɗaurin ƙusoshin bushin, wato robar da ƙusa ke ratsawa a mahaɗar sifirin da shasi. Al'adarsu ita ce su ɗaure komai tamau motar tana rataye a kan jak, alhali bushin roba ba ya juyawa a kan ƙusa, murɗewa yake yi, saboda haka idan an ɗaure shi taya na reto, da zarar an sauke motar zai zauna a murɗe har ya yage. Mun bar su sako-sako, muka sauke motar, muka mayar mata da kayanta na kullum, muka girgiza ta, sannan aka ɗaure da sufana mai auna ƙarfin ɗauri bisa adadin da littafin gyaran motar ya bayar.

Akwai wani abu da bakanikena ya tuna wanda ya ƙara masa daraja a idona. Motata ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka burki da ƙarfi, kuma irin waɗannan suna da wani bawul a baya wanda sanda ta haɗa shi da aksil, aikinsa shi ne ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin burki idan lodi ya danne motar, ya rage idan ta ɗago. Da zarar an ɗaga baya da sabon sifirin, bawul ɗin zai ɗauka motar fayau take ko da tana cike, sai ya rage burkin baya a lokacin da aka fi bukatarsa. Ya ƙera ɗan ƙarfe ya ɗaga mariƙin sandar daidai da milimitocin da motar ta tashi. Bayan haka muka ɗaga shasi har tayoyi suka bar ƙasa, muka tabbatar tiyon burki bai miƙe ba, hannun sama kuma bai taɓa sifirin ba.

Saiti ya fi ɗauri cin lokaci. Sabon sifirin yakan ɗan kwanta bayan an yi tafiya da shi, don haka na bar motar ta yi aikinta na wasu kwanaki kafin in sake aunawa. Gefen hagu na gaba ya fi na dama zama da kimanin milimita 10, sai muka gyara ta mazaunin nan mai zare. Da yake shokozoba ba a bakin taya yake ɗaure ba, a tsakiyar hannun ƙasa yake, duk milimita 5 da aka murɗa tana zama kusan 10 a jikin taya, saboda haka kaɗan-kaɗan ake yi, kuma sai an cire nauyi daga kan sifirin an wanke zaren. Murɗa mazaunin ba ya ƙara wa sifirin tauri, wurin da motar ke tsayawa kawai yake sauyawa, kuma da yake tsawon tafiyar shokozoba ƙayyadadde ne, duk abin da aka ƙara a sama an rage shi ne daga saukar taya. Wannan sauka ita ce ke sa taya ta bi rami ta ci gaba da riƙe ƙasa. Na auna ta ta hanyar ɗaga shasi har taya ta saki ƙasa in cire awon da na yi motar tana tsaye daga wanda na yi taya na reto, na kuma tsaya inda saukar da ta saura ta kai milimita 65 zuwa 70. Motar da aka ɗaga har saukar ta ƙare tana da kyan gani a tsaye, amma a kan hanya za ka ji tana buga ƙarfe a kowane tudu, sitiyari kuma yana yin sakayau. Bayan motar na bar shi ya fi gaba tsawo da kimanin milimita 25 da kayan kullum, domin ta daidaita idan an cika ta.

Sai da tsawo ya zauna sannan na kai ta alaimen, domin ɗaga gaba yana sauya kwanciyar taya kuma yana rage kusurwar da ke mayar da sitiyari tsakiya bayan kwana. Na nemi mai na'urar ya dawo da wannan kusurwa gwargwadon abin da ƙusoshin saiti na hannun ƙasa za su bayar, kuma a wannan tsawo sun isa ba sai an sauya hannun sama ba. Wata 'yar karkarwa da ta ɓullo wajen tashi daga tsaye ta fito ne daga farfela, wadda kusurwarta ta sauya, kuma siririn ƙarfe da aka sa aka ɗan sauke boris ɗin tsakiyarta ya kawar da ita. Fitilu ma an sake saita su.

Maɓallin tauri na bar shi ƙarshe, kuma kafin in taɓa shi sai da na gyara iskar taya, domin masu faci sukan cika taya fiye da abin da ke rubuce a jikin ƙofa, taya mai tauri kuma takan sa a zargi shokozoba da laifin da ba nasa ba. A burji nakan rage kimanin kashi ɗaya cikin biyar na iskar kwalta in kuma rage gudu, a rairayi mai zurfi nakan sauka zuwa 18 ko 20 a geji, in sake cikawa da ɗan famfon da ke aiki da batiri da zarar na hau titi. Na zaɓi wani yanki na hanya da na sani sarai, mai gargada a jere kamar kwanon rufi da kuma kwari guda mai zurfi, na riƙa bin sa da lodi ɗaya da gudu ɗaya, ina sauya abu guda kawai a kowane wucewa. Idan shokozoba ya yi laushi, motar takan yi lilo fiye da sau ɗaya bayan ta fita daga kwarin, hancinta kuma ya nutse idan an taka burki. Idan ya yi tauri, taya ba ta samun damar komawa ƙasa kafin tudu na gaba ya iso, sai jijjigar ta shigo kujera, bayan motar ya fara zamewa. Na shafa alli a kan robar da ke tare aksil domin in ga ko ana kaiwa gare ta: taɓawa sama-sama a babban rami daidai ne, don haka aka yi ta, amma gogewar allin a tafiya ta yau da kullum na nufin sifirin ya yi kaɗan. Gaba ya zauna a mataki na 4, baya a na 5 da kayan kullum, ranar cikakken lodi kuma nakan kai shi na 7.

Bayan kimanin kilomita 500 na koma gareji aka sake bin ƙusoshin aksil da sufana, kuma kowannensu ya karɓi ƙari, domin fallayen suna goge fentin da ke tsakaninsu su matsu. Marataya sifirin na baya suna da kan ɗura giris, nakan ɗura in goge wanda ya fito waje, saboda giris da yashi idan suka haɗu cin ƙarfe suke yi. Da damina, idan na fito daga laka irin ta fadamar Haɗeja da Nguru, nakan wanke zaren mazaunin sifirin da maɓallan, in juya kowanne zuwa ƙarshe in dawo da shi wurinsa domin kada ya cije. Idan na tsaya bayan doguwar gargada nakan kai bayan hannu kusa da kowane shokozoba a hankali: ɗumi alama ce ta yana aiki, wanda ya yi sanyi alhali 'yan uwansa sun yi zafi ya mutu ko da babu ɗigon mai a jikinsa. Awon tsawon kusurwoyi huɗun yana rubuce a bangon littafin motar, kuma duk lokacin da aka sauya man inji nakan sake aunawa in kwatanta, domin idan gefe ɗaya ya sauka da fiye da milimita 10 akwai fallen da ya fara tsagewa ko bushin da ya mutu, kuma gara a gano shi a gareji a Kano.